Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo

A kasuwannin Kano, daga Kantin Kwari zuwa Singa zuwa Dawanau, akwai wata ƙwarewa da ba a koyar da ita a makaranta, amma ita ce ke raba ɗan kasuwar da zai tsufa a rumfarsa da wanda zai yi ɗan tashe ya ɓace. Ita ce iya magana da abokin ciniki baki da baki, ko dai a taka a same shi, ko a ɗaga waya a ji muryarsa. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, daga baya WhatsApp ya biyo, hoton atamfa kan tashi daga Kano ya sauka Maraɗi ko Damagaram kafin mai shago ya gama ninke turmin. Ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai tsofaffin hannu sun san abin da saƙo ke iya ɗauka, sun kuma san abin da yake zubarwa a hanya.

A maganar bashi ake gane gwani. Mai shago ya ba kwastomansa na Maraɗi dila biyu ta shadda, an yi alkawarin wata guda, wata ya cika ya wuce, shiru. Sabon shiga zai zauna ya rubuta: "Alhaji, muna jiran kuɗinmu." Saƙo ya tafi, alamar an karanta ta fito, amsa ba ta zo ba. Daga nan zuciya ta fara saƙe-saƙe: cinyewa zai yi, ko ya sauya wurin sari, ko raini ne. Shi ma Alhajin da ya buɗe saƙon, tunda babu murya babu fuska, sai ya karanta shi da muryar da ya fi tsoro, ya ji kamar macuci aka kira shi. Kalma huɗu sun isa su ɓata hulɗar shekaru.

Gwani yakan bari sai bayan la'asar, kasuwa ta lafa, sannan ya kira. Ba zai ambaci kuɗi ba tukuna. "Alhaji, barka da yamma. Ya gida, ya iyali? Ya jikin Hajiya? Ya kasuwa?" Wanda bai san kan abin ba zai ce ɓarnar kati ce, alhali aikin ke nan ake yi. Amsar gaisuwa a bakin Bahaushe ɗaya ce: ko bai runtsa ba zai ce lafiya lau, ko kasuwa ta mutu murus zai ce da godiya. Labarin yana cikin yadda aka faɗa, wato ɗan jinkirin da aka yi kafin amsa, da ajiyar zuciya, da dariyar da ba ta kai ciki ba. Tes ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. Can sai gwani ya ce, "Shiru na ji, na ce bari in kira in ji ko lafiya." Ya buɗe masa ƙofa ke nan, bai kuma taɓa mutuncinsa ba. Daga nan sai ya kama bakinsa. Wannan shirun shi ne mafi wuyar koyo a sana'ar, domin yawancinmu ba ma iya jure shi, mun fi so mu yi ta zuba.

A cikin shirun gaskiya ke fitowa. Wataƙila kalar ce ba ta karɓu a can ba. Wataƙila canjin sefa da naira ne ya cinye ribar, ko rashin lafiya ta shigo gida ta taɓa jari. Kowanne da maganinsa: a dawo da abin da bai tashi ba a musanya, a raba biyan kashi uku, ko a ɗaga masa ƙafa zuwa kaka. Mai shago ya tsira da kuɗinsa ko da a hankali, ya tsira da kwastomansa, ya kuma samu labarin da bai biya ko sisi ba, domin yanzu ya san kalar da ba ta tafiya a Maraɗi bana. In kuwa mutumin da gaske cin amana ya nufa, muryar ce dai za ta tona shi. Rantsuwa za ta yi yawa, ranar biya kuma ba za ta fito ba.

Fataucin Hausa tun asali a kan wannan aka gina shi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta Yarabawa shanun Arewa bashi, ba takardar yarjejeniya, ba banki a tsakani. Maigida, wanda ke saukar da fatake, shi ke tsaya wa mai shanu. Dillalansa kuwa babban jarinsu shi ne sanin halin kowane mahauci: wa ke biya a kan lokaci, wa ya fara tangal-tangal, wa ake binsa bashi a wani wuri. Da zama da hira da yawan haɗuwa ake tara irin wannan sani. Polly Hill ma ta tarar da tsarin masu masauki da dillalai irin wannan a kasuwar shanu ta Kumasi. Dukiya mai yawa ta yi ta ratsa ɗaruruwan kilomita a kan maganar baki, saboda akwai mutanen da suka iya sauraro.

Wuri na biyu da ake gane gwani shi ne isar da mummunan labari. Kowa ya san halin da teloli ke shiga a goman ƙarshe na azumi. Tela ya ga ɗinki ya fi ƙarfinsa, ya san kayan wata Hajiya ba za su samu ba. Rago zai yi shiru har jajibere, ya turo tes na ban haƙuri, ya kashe waya. A nan tes maɓoya ce kawai, kuma Hajiya ta san haka, shi ya sa fushinta ke ninkuwa. Gwani tun da saura mako zai kira: "Hajiya, gara in gaya miki gaskiya tun da wuri. Kala uku ba za su samu ba, amma biyu na ɗaukar miki alkawari. Wanne kika fi so a fara da shi?" Za ta yi faɗa, zai saurara har ta sauke, ba zai katse ta ba. Amma ya ba ta zaɓi tun akwai lokaci, kuma da wuya ta kai ɗinkin babbar sallah wani shago.

Ko a cinikin yau da kullum, hira kan fito da abin da kwastoma bai zo da shi a baki ba. Mace ta turo hoton leshi ta tambayi kuɗinsa. In ka amsa da lamba, an gama. In ka kira ka ce, "Hajiya, biki ne ya taso?" sai ka ji ashe anko ake nema na dangi guda, kuma ba ta ma yanke shawarar kala ba. Haka abin yake ga mai zanen gini da mai ɗab'i da lauya, da 'yan matan da ke sayar da humra da turaren wuta a Instagram: imel goma ana kai da komo a kan abin da hirar minti biyar za ta warware. Saƙon murya da jama'a suka runguma ya fi tes, tunda aƙalla ana jin sauti, kuma ya taimaki wanda karatu ke ba shi wuya. Amma shi ma hanya ɗaya yake bi. Kana faɗin naka ne kawai, ba ka jin inda maganarka ta sauka balle ka gyara ta nan take.

Ƙwarewar tana da ladubbanta. Ba a kira lokacin salla, ba a kiran matar aure da daddare, ba a shiga maganar kuɗi a gaban mutane, kuma wanda ya ce yana cikin taro a bar shi ya sarara. Rubutu ma yana da gurbinsa, babba kuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Don haka gwani na zamani yakan gama magana sannan ya tura saƙo gajere: dila nawa, nawa aka sallama, yaushe za a biya. An riga an fahimci juna a baki, rubutun shaida ne saboda mantuwa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaran shago da ke tasowa yanzu, waɗanda yatsunsu suka ƙware amma harshensu ke sarƙewa in kwastoma ya ɗaga murya. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Iyayen gida, ku riƙa zaunar da su kusa da ku idan za ku kira mai bashi ko mai ƙorafi, su ji yadda ake gaisawa da inda ake yin shiru. In sun ji sau da yawa, ku miƙa musu wayar su gwada a gabanku.