Jinjina Ga Masu Ziyarar 'Yan'uwansu

Lalle ya wajaba a jinjina wa matan da, bayan Allah Ya yaye musu sankarar mama, suka ɗauki ziyarar sababbin majinyata tamkar farilla, bisa tafarkin da Terese Lasser ta assasa a Amurka a 1952. Domin kuwa idan likita ya sallami mace, sauran ɗawainiya na wuyanta: kiyaye hannun da kan kumbura bayan an cire kaluluwar hammata, haɗiyar maganin tamoksifen shekara 5 ko 10 ba fashi, da waswasin dawowar cuta, wanda a ganina ya fi duka nauyi. Masu ziyarar kuwa, da yake sun ɗanɗana, su ke koya mata motsa kafaɗa sannu a hankali, su kuma saurari abin da take jin nauyin faɗa wa maigidanta.