Ba a Cin Dutsi

A ɗan littafinmu na baya, ɗaya daga cikinmu ya rubuta labarin hawan dutsin garinmu Dogon Dutsi, shafi shida cur, kuma ranar da anka karanta shi a zaman ƙungiya an sha tafi. Ni ma na tafa. Sai dai ina cikin mutum ukun da sunka yi hawan nan a hutun bara, shi ya sa tun daga shafi na biyu na fara jin kamar ana ba ni labarin wani dutsi a wata ƙasa. Na gaya masa baki da baki muna shan shayi, ya ce in ina da ja in rubuta. To ga shi, ɗan'uwa.

Bari in fara da abin da ya yi daidai, kada a ce hassada ce. Wurin da ya kwatanta saukowa, babu wanda zai karanta bai ji shi a gwiwarsa ba: jar tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafa, silifas ɗinsa ya tsinke ya ɗaure da tsumma, ruwan gorarmu ya ƙare tun muna bisa. Haka anka yi, kuma haka ya faɗa. Ya iya kallo kuma. Da ya tsaya yana duban Dallol Mawri a shimfiɗe, gonakin gero, itatuwan gawo, da kwaltar da ta fito daga Yamai ta nufi Birnin Konni, alƙalaminsa bai yi ƙarya ba.

Matsalata ta fara ne daga kalma guda. Sau uku yana cewa mun ci dutsin. Mu ɗaliban harshe mun san babu aikatau mai faɗin ciki kamar "ci" a Hausa. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana cin amana, ana cin sarauta, ana cin gari da yaƙi. Amma na zauna na tuna duk tsofaffin da na sani daga Matankari har Tibiri, ban taɓa jin wanda ya ce ya ci dutsi ba. Ana hawa dutsi, ana sauka, ana kewaya shi, ana fakewa a gindinsa. Wanga "ci" fassara ce ta conquérir ɗin Faransanci, ta shigo da rigar Hausa, kuma ta shigo da kayanta a kai. Da zarar ka ce ka ci dutsi, ka mayar da shi abokin gaba, kai kuma jarumi, sauran jimlolin duk sai su bi sahu. Shi ya sa tafiyar da munka fara bayan sallar asuba, munka isa bisa rana ba ta yi zafi ba, ta koma a takarda kamar yaƙin kwana biyu.

Na san inda ya samo salon, don ɗakin karatu ɗaya muke shiga. Turawa suna da tsohon adabi na hawan duwatsun Alf. A 1786 mutum biyu, Balmat da Paccard, sunka fara isa ƙolin Mon Bilan, mai tsawon mita 4,800 da ɗoriya, kuma tun daga nan ake ta rubuta irin wanga labari: mutum, ƙanƙara, igiya, mutuwa tana leƙe. Littafin Frison-Roche, Premier de cordée, yana cikinsu, kuma na ga shi a hannun abokina watanni kafin mu hau. A can salon yana da dalili, don dutsin yana kashe mutane da gaske. Ko a ƙasarmu, in haɗari ake nema, sai a nufi Ayar, inda duwatsun Bagzan sunka haura mita 2,000. Namu na Arewa tudun marmara ne mai shimfiɗaɗɗen kai, awaki na hawansa kullum safe.

Abin da ya fi ba ni dariya, daga baya kuma ya ba ni haushi, shi ne sakin layin da yake kukan cewa mun isa bisa ba mu tarar da ko ƴar bukka ba, ba kamar a Turai ba inda ake gina wa masu hawa ɗakin kwana da shan abu mai zafi. Faransawa suna kiran irin wannan ɗakin refuge, wato mafaka. To ai mu a wurinmu dutsin kansa ne mafakar. Kakata takan ce zamanin hare-hare, in anka ji ƙurar dawaki, mata da yara bisa ake kai su. Wanda ya taso yana jin wannan, ya hau ya tsaya yana neman ɗakin shan kofi, ya bar labarin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Sannan ga yaron. Mu uku ne a labarin, amma mu huɗu munka hau. Wani yaro mai kiwon awaki, bai wuce shekara goma sha biyu ba, shi ya ga mun nufi wurin da ba ya hawuwa, ya ce: "Kak ku bi nan, ku taho in gwada muku." Shi ya kai mu har bisa, ba takalmi a ƙafarsa. A rubutun an ba shi layi ɗaya, an kuma sa masa Hausar Kano a baki, tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Yaron da ya ce "dutsi", da irin lafazinmu da ya sa Bature ya ji ya rubuta Doutchi, an mayar da shi yana cewa "tsauni". Ba ni da faɗa da daidaitacciyar Hausa, da ita nake rubuta rabin takardar nan. Amma in ka ɗauke wa mutum bakinsa a cikin labari, ka ɗauke shi gaba ɗaya. Abin mamaki, ko a Alf ɗin da ake koyi da shi, Balmat ɗan ƙauyen gindin dutsin ne mai farautar gada da neman duwatsu masu daraja, kuma sunansa bai ɓace ba.

Akwai maganar da yaron ya yi wadda ba ta shiga labarin ko kaɗan ba. Da munka isa bisa, abokina ya ɗaga hannu zai yi ihun murna, yaron ya ce a hankali: "Ba a yi mai kuwwa." Munka yi shiru, har da shi mai rubutun. Ni a ganina nan ne zuciyar tafiyar take. A Arewa dutsi yana da masu shi. A Lugu, inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, akwai Tunguma, dutsin da ake kai wa shari'a. A Kano ma, tarihi ya nuna Barbushe shi ke hawa Dala ya sauko wa jama'a da saƙon Tsumburbura. Ko sunayen da muke ba duwatsunmu, irin Tozon Bijini, suna nuna idon makiyayi ne ya kalle su, ya ga dabba a kwance. Na san wasu a ƙungiya za su ce wannan zancen bori ne da arnanci, mu musulmi ina ruwanmu. Ban ce kowa ya yi imani da komi ba. Cewa na yi yaro ya faɗi magana, samari uku ƴan jami'a sunka kama bakinsu, kuma marubuci ya ji kunyar rubuta hakan. Adeline Masquelier ta zo ta zauna a Dutsi ta rubuta littafi guda kan bori a garin, mu kuma muna tsallake abin da ya faru a gabanmu don kada a ce mu ƙauyawa ne.

Da na faɗa masa wannan, amsarsa ita ce aro ba laifi ba ne, ai Abubakar Imam ma ya aro daga Larabawa da Turawa a Magana Jari Ce. Gaskiya ne. Amma Imam in ya aro labari sai ya ba shi gari da sarki da fadawa, har ka rantse a Katsina anka haife shi. Abokina dutsinmu ya ɗauka ya kai Faransa.

Shawarata gare shi: ya bar sakin layin saukowa yadda yake, ya bar kallon Dallol, ya cire "ci" guda ukun nan da bukkar Turawa, ya mayar wa yaron bakinsa da maganarsa. Zai rage shafi uku, wataƙila huɗu. In ya yarda, hutu mai zuwa mu koma tare, ni zan riƙe wayar ɗaukar murya, mu nemi yaron mu tambaye shi sunan kowane lungu da munka bi, don na lura duk inda munka tsaya yana da abin da yake kiransa, mu kuwa ko ɗaya ba mu rubuta ba.