Ina Sunan 'Yar Sarkin Dutse?

Yau zancen wani tsohon littafi zan yi muku, wanda maza suka daɗe suna kafa hujja da shi a kanmu, mu kuwa da yawanmu ko bangonsa ba mu taɓa gani ba. Shi ne Tarihin Sarakunan Kano. Da Larabci aka rubuta shi, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature mai suna Palmer ya juya shi Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya. Kada wata ta ce mene ne haɗinmu da littafin Kanawa. Ai kafin a yanke Jigawa a 1991, Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu duk ƙasar Kano ce, don haka tarihin gidanmu ne.

Bari in fara da yabonsa, don ya cancanta. Marubucin bai yi mana ƙaryar cewa an kwana arna an tashi Musulmi ba. Ya faɗi yadda mutanen gindin Dala suke bauta wa Tsumburbura, Barbushe ne mai shiga wurinta. Ya faɗi zuwan Wangarawa daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), su wajen arba'in, suka sa aka tsai da salla aka gina masallaci. To amma sai ga Kananeji, ɗan Yajin nan, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, ya koma wajen masu tsafi neman sa'a. Wannan ko kaɗan marubucin bai ɓoye ba. Zamanin Yakubu (1452 zuwa 1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na nahawu, zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) Shehu Magili ya iso, aka sare itaciyar da ake tsafi a gindinta. Kin ce shi ke nan ko? Ina! Bayan Rumfa da kusan shekara ɗari aka ƙirƙiro Dirki, wato Alƙur'ani aka naɗe da fatu ana yi masa yanka. Sai zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, aka sa gatari aka fasa shi. Daga Yaji zuwa Alwali fiye da shekara 400 ke nan ana jan igiya tsakanin tsohon hali da sabon addini. Duk wadda ta san yadda har yau a wasu gidaje mace za ta idar da salla ta ɗauki mayafi ta nufi gidan 'yan bori saboda kishiya, ba za ta yi mamakin wannan ba.

Inda muka raba hanya da littafin shi ne wajen mata. Ki duba da kyau, sarki bayan sarki sai an faɗi sunan uwarsa. Rumfa ma an ce uwarsa Fatsima ce, mutuniyar Rano. Daga nan fa an gama da ita. Ta haihu, an rubuta, an wuce zuwa dawaki da sulke. Me ta ce, me ta koya wa ɗan, da wane addini ta tashi a gidan ubanta, duk shiru.

Namu na Dutse ya fi ma ciwo. Sunan garinmu ya fito a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), sarkin da aka ce shi ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja a lokacinsa. Littafin ya ce shi ne sarkin farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, da 'yar Sarkin Shira, da ta Sarkin Rano, da 'yar Galadima. Mata huɗu a numfashi ɗaya, babu sunan ko guda. Alhali wannan yarinya da aka ɗauko daga tsakanin duwatsun nan namu aka kai birni, ita ce igiyar da ta ɗaure Dutse da Kano. Auren sarauta a lokacin ai yarjejeniya ce, maimakon a zo da mashi sai a zo da lefe. Aikin da rundunar mayaƙa za ta yi, ita kaɗai ta yi shi da ƙuruciyarta, amma an rubuta sunayen jarumawa da Galadima Dauda mai kamo bayi, ita kuwa 'yar wane kawai. Wallahi duk lokacin da na zo wannan wuri sai na ajiye littafin na ɗan yi jim.

Sai maganar kulle, wadda na san ita kuka fi son ji. Littafin ya lissafa sababbin abubuwan da Rumfa ya fara: gina Gidan Rumfa, kafa Kasuwar Kurmi, Tara ta Kano, busa kakaki, figini da takalman gashin jimina, ba bābānni sarauta, sallar Idi. A cikin wannan jerin ne ya sa kulle, dab da labarin cewa sarkin ya tara mata dubu, kuma yana aika bawansa ya zagaya gidajen bayi ya kwaso 'yan mata. Ni ba malama ba ce, hukuncin sutura da fitar mace na malamai ne, kuma ina girmama shi. Abin da nake nunawa shi ne inda marubucin da kansa ya ajiye abin. Bai sa shi a bakin Wangarawa ba lokacin da suka kawo salla, shekara ɗari kafin nan. Ya sa shi kusa da kakaki da gashin jimina, cikin kayan alfarmar fada. Matar talaka a lokacin tana gona, tana dawa wajen itace, tana kasuwa da ƙwaryar furarta. Saboda haka in maigida ya ce miki haka muka gada tun kaka da kakanni, kina iya tambayarsa cikin ladabi, kakan wa, na sarki ko na manomi? Haka kuma in wata 'yar boko ta ce miki Turawa ne suka fara fitar da mace fili, ita ma littafin bai goyi bayanta ba.

Don kuwa duk da rowar da ya yi mana, mata biyu sun fi ƙarfin alƙalaminsa. Ga Amina ta Zazzau, wadda ya sa a zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), ko da yake wasu masana sun kai ta ƙarni na 16. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata bābānni 40 da goro 10,000. Ga kuma Madaki Auwa, matar Rumfa ɗin nan dai mai kulle. Da ɗanta Sarki Abdullahi ya fita yaƙi, Dagaci ya shirya tawaye a birni, ita ce ta tare abin har ɗan ya dawo ya tarar da gadonsa. Daga cikin gida fa ta yi wannan.

Rashi mafi girma a wurina shi ne na karatu. Littafin ya faɗi malaman da suka zo, da littattafan da suka kawo, da masallatan da aka gina. Bai taɓa tsayawa ya ce ga yadda salla ta shiga tsakar gida ba. Sarki yana iya ba da umarni kowane gari a yi salla, amma wa ya koya wa yaro ɗan shekara huɗu Bisimilla kafin ya ci tuwo? Wa ya daina zuba wa iskoki nono a gindin tsamiya, a wace shekara, bayan wace irin gardama da uwar miji? Can ne sauyin ya faru na gaskiya, can ne kuma ya yi jinkiri. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gane haka, shi ya sa a Nurul Albabi ya yi wa malamai faɗa kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) kuma ta kafa 'yan taru, jajis suna bi ƙauye ƙauye da waƙoƙin karantarwa. Marubucin Tarihin Sarakunan Kano ya rayu bayan duk wannan, ya kawo labari har wajen 1890, amma idonsa na kan ƙofar fada, yana ƙirga wa ya hau, wa ya sauka, shekara nawa da wata nawa.