Jinjina ga Masu Tonon Jifsam

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Goronyo ya san kaka biyu ake yi. Da an kai gero rumbu, sai a ɗauki diga da shebur a nufi tudu neman jifsam, farin dutsen nan mai ƙyalli.

Muna yara, namu shi ne tsinta. Iyayenmu maza na cikin rami suna sara, ƙura ta rufe musu gira, mu kuma muna kankare laka, muna cika kwanon sarki, jakuna na kaiwa bakin hanya. Daga nan motoci ke kwasa zuwa masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967.

Magina sun sani, ba don jifsam ba, da kwaɓin siminti ya daskare tun kafin a ɗora bulo. Ga shi kuwa babu ginin da ke ɗauke da sunan maihaƙa.

Da guminsu aka yi mana ɗinkin Sallah, aka sayi littafin makaranta. Sannunku da aiki, iyayenmu. Allah Ya saka da alheri.