Ɗori ya yi kyau, ƙafa na jan ƙasa

A Kakau, in mutum ya karye a babur, wurin mai ɗori ake fara nufa. Ƙashi ya haɗe, amma yatsu na sharar ƙasa, sai a ce "shanyewa ce, sai haƙuri." Wannan maganar ce nake ja da ita.

Jijiyar feroniyal, mai ɗaga ƙafa, tana zagayowa daga bayan gwiwa ta gefen waje, dab da fata. Ɗauri mai tsauri kan danne ta. In wata 3 zuwa 4 ba sauƙi, tiyata na iya sakin matsin. Tsokar da ta yi wata 18 babu saƙon jijiya da wuya ta farfaɗo. A ga likitan ƙashi da wuri, a Kaduna ko asibitin Dala, Kano.