A Bar Wa Kassu Zurmi Ƙurarsa

A tashar Gusau mai tura waƙa a waya ya ba ni Kassu Zurmi kashi biyu: kwafin tsohon kaset mai shuuu, da wanda aka "wanke" da kwamfuta. Wankakken ya fita tas, amma ba rai. Ihun 'yan tauri a bayan mawaƙin, da yadda murya ke fashewa a ƙarshen kirari, duk an share su wai datti ne. Alhali nan ne tsikar jiki ke tashi!

A Norwe, da gangan Darkthrone suka naɗi faifan Transilvanian Hunger na 1994 da ƙaramin rikoda don neman irin wannan kaushi. Mu rashin kayan aiki ya ba mu shi kyauta, muna gogewa. A motar Tsafe tsohon na kunna, direba ya ce in ƙara murya.