Arpat: Laifin da Aka Rufe da Mayafin Zuhudu

Fim ɗin Arpat na ƙasar Tailan, wanda Kanittha Kwanyu ta shirya, ya fito a 2015. Sunansa daga kalmar Pali "apatti" yake, wato karya dokar zuhudu. A tsarin Theravada cikakken ɗan zuhudu yana riƙe dokoki 227, sabon almajiri kuwa 10.

Labarin wani saurayi ne, Sun, wanda mahaifinsa ya tilasta masa shiga gidan zuhudu a ƙauye. An aske masa kai, ya yafa mayafin, amma zuciyarsa tana waje. Ya shiga soyayya da wata yarinya, sai "pret" ta fara bayyana masa. A koyarwar Buddha, pret fatalwa ce mai yunwar da ba ta ƙoshi, sakamakon aikin da mutum ya shuka.

Mai karatu ya lura: fatalwar ba daga daji ta zo ba. Daga laifin da manyan gidan suka binne ta taso. Nan ƙarfin fim ɗin yake. Inda ya yi rauni shi ne yawan razana mai kallo da ƙara, kuma yarinyar ba ta samu zurfin hali ba, jarraba kawai aka mai da ita.

Hukumar tace fina-finai ta hana nuna shi da farko, sai da aka yanke wasu wurare, har da inda almajirin ke shan giya. A ganina, masu ƙorafin sun fi damuwa da mutuncin mayafin fiye da halin mai yafa shi, abin da fim ɗin kansa ke tuhuma ke nan.